Daga Ranar Kai Mutum Shago Zuwa Ranar Yaye: Jagorar Koyon Sana'ar Hannu

Na shafe sama da shekara ashirin ina aikin wayar wuta a Kano, daga baya na ƙara da haɗa sola. A tsawon lokacin nan na ga yara da manya da yawa sun shigo koyon sana'a, a wurina da wurin abokan aiki. Wasu yanzu suna da shagunansu, akwai ma wanda idan aiki ya sha mini kai shi nake kira. Wasu kuwa sun yi shekara uku suna shara da sayo shayi, suka fita hannu rabbana. Da na yi ta auna abin, sai na ga ba kaifin ƙwaƙwalwa ne ya raba su ba. Yawanci tun ranar farko aka gyara ko aka ɓata: wace sana'a aka zaɓa, hannun wa aka danƙa mutum, me aka faɗa a gaban shaidu, me kuma aka haɗiye saboda kunya. Abin da zan shimfiɗa a nan na uban da zai kai ɗansa ne, da uwar da za ta kai 'yarta, da magidancin da albashi ya daina kai shi ƙarshen wata, yake so ya kai kansa.

Da fari, zaga unguwarku

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zauna a tsakar gida a yanke sana'a. Ɗan wane ya koyi ɗinki har ya sayi mashin, to kai ma ɗinki. Kafin ka yanke komai, ba kanka mako guda ka zaga unguwarku da ƙafa, da ɗan littafi a aljihu. Ƙirga shagunan tela a layinku da layuka biyu na kusa. Ƙirga masu aski, masu cajin waya, masu walda. Sannan ka yi wa magidanta da matan aure goma tambaya ɗaya: wane aiki ne idan ya taso sai kun sha wuya kafin ku sami mai yi, ko ku yi kwana da kwanaki kuna jiransa? Abin da suka fi ambata shi ne inda kuɗi yake. A wajenmu amsar takan faɗa kan mai gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, da mai aikin famfon da ya san abin da yake yi, da mai gyaran sumo na rijiyar burtsatse. Ban taɓa jin wanda ya ce ya rasa mai aski ba.

Zamani ma yana juya kasuwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kunna janareto ya zama sai wane da wane. Masu shaguna, da masallatai, da manoman rani suka karkata zuwa sola, masu motocin haya da adaidaita sahu kuma suka fara neman wanda zai mayar musu da inji ya koma shan gas. Sai dai a yi hattara, duk sana'ar da aka ji tana ci, nan da nan ake yi mata rubdugu. Yanzu duk yaron da ya taɓa ɗora farantin sola a kan kwano yana kiran kansa injiniya. Wanda zai daɗe a ciki shi ne wanda ya iya gano matsala ya gyara, domin masu ɗorawa sun yi yawa, masu gyaran inbata kuwa, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, har yau neman su ake yi.

In ka tsayar da sana'a biyu ko uku a ranka, je ka wuni a inda ake yin su. Mai son gyaran waya ya je Farm Centre ko titin Beirut, mai son ƙarfe da kayan mota ya leƙa Ƙofar Ruwa, mai son takalma da jakunkuna ya shiga Ƙofar Wambai, mutumin Kaduna kuma ga Panteka nan. Gani ya kori ji. Wuni ɗaya a gaban injin walda, da ƙarar garanda da zafin ƙarfe, ya isa ya gaya wa yaro ko jikinsa zai ɗauka. Mai ciwon asma bai dace da fentin mota ba, mai tsoron hawa sama kada ya zo wurina. A kuma tambayi yaron da gaske, a saurari amsarsa. Wanda aka tura dole, ƙafarsa ce kawai take zuwa shago.

Ga babba kuwa lissafin daban ne. Gemu ba ya hana ilimi, amma iyali ba sa jiran ka ƙware kafin su ci abinci. Nemi sana'ar da za ka iya koyo da yamma ko Asabar da Lahadi ba tare da ka saki abin da ke hannunka ba, ka kuma jingina ta da abin da ka riga ka sani. Direba ya fi kusa da wayar mota, malamin makarantar da ya iya lissafi ya fi kusa da sola ko aikin kwamfuta, mai sayar da atamfa ta fi kusa da ɗinki domin ga masu saye nan a hannunta. Sai kuma ka shirya zuciyarka: wanda zai koya maka wataƙila ka girme shi da shekara goma, kuma zai ce ka miƙo masa filaya. Ka miƙa.

Zaɓen maigida

A nan ne ya kamata a ɓata lokaci, kuma a nan aka fi yin gaggawa. Iya aiki daban, iya koyarwa daban. Akwai gwanin da gari ya san da shi, amma in ya zo wurin da sirrin aikin yake sai ya aiki yaro sayo ruwan sanyi. Ni kaina a irin wannan hannun na fara. Shekara guda cur ina ɗaukar tsani ina sassaƙar bango don binne fayif, ban taɓa ganin yadda ake haɗa akwatin rarraba wuta ba, domin duk ranar da za a haɗa sai a sami inda aka aike ni. Da mahaifina ya gane, ya cire ni cikin mutunci ya kai ni wani wuri, a wata huɗu na koyi abin da shekara ba ta ba ni ba.

Don haka kada ka kalli girman shago. Tambayar farko ita ce: yara nawa ya yaye, kuma ina suke yanzu? Maigidan kirki zai lissafo maka su da alfahari, har ya kwatanta maka shagunansu. Je ka sami biyu daga cikinsu ka tambaye su a bayan idonsa. Na biyu, zauna a shagon awa biyu kana kallo. Hannun wa ke kan aiki? Idan yaran da suka daɗe suna riƙe da kayan aiki shi kuma yana tsaye yana gyara musu, wurin koyo ne. Idan shi kaɗai ke aiki, yara bakwai sun yi dafifi suna kallon waya, wuce gaba. Na uku, duba ko aiki yana shigowa, domin a shagon da babu aiki babu abin da za a koya. Na huɗu, saurari bakinsa. Faɗa a wurin aiki ba baƙon abu ba ne, amma zagin iyaye da duka da abin da ke hannu ba tarbiyya ba ce. Ka kuma lura da abin da ake sha a bayan shagon. Yara da yawa a gareji suka fara haɗuwa da ƙwaya.

Ga 'ya mace a ƙara da duba hanya da lokacin tashi, da ko akwai wasu mata a wurin. Kuma kada a ɗauka ɗinki da kitso da girki ne kaɗai nata. Akwai gidajen da namiji ba ya shiga sai maigida yana nan, macen da ta iya gyaran waya ko ƙananan kayan wuta tana da kasuwar da ni ba zan taɓa samu ba.

Zaman yarjejeniya

Mu Hausawa kunya tana cutar da mu a nan. Uba zai kawo yaro ya ce, "Malam, ga ɗanka nan, amana," a yi addu'a a raba goro a watse. Bayan shekara biyu rigima ta tashi, kowa yana rantsuwa a kan abin da ba a taɓa faɗa ba. Amana tana nan daram, amma a rubuta. Takarda ɗaya ta isa, da Hausa, ko da boko ko da ajami, kowa ya sa hannu, da shaidu biyu, in da hali mai unguwa ko shugaban ƙungiyar masu sana'ar ya zama ɗaya. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ma ta san da wannan: ta yarda uba ko mariƙi ya sa yaron da ya haura shekara 12 bai kai 16 ba a koyon sana'a da yardar yaron, a rubuce, wanda ya kai 16 kuma zai iya shiga da kansa, sannan wa'adin kada ya wuce shekara biyar. Duk wanda ya ce maka sai ya ga dama zai yaye, ka san ba koyo ya kira ka ba.

Abin da za a rubuta ba shi da yawa, sai dai kowanne ya taɓa raba zumunci a gabana. A faɗi tsawon lokaci da ranar farawa. A faɗi kuɗin koyo, nawa ne, kuma sau nawa za a biya. Shawarata a raba shi kashi-kashi, kada a zube duka ranar farko. A faɗi wanda zai ɗauki kuɗin mota da abincin rana. A tsayar da lokacin zuwa da na tashi, in yaron yana boko ko Islamiyya a ware lokacinsu a fili, kada a cire shi daga makaranta da sunan sana'a, domin gaba kaɗan karatun zai nema. A yi maganar aiken gida: sayo cefane sau ɗaya ba laifi, amma wanda aka kawo koyon walda bai zo wankin kayan uwargida ba. A faɗi wanda zai biya idan ɗan koyo ya ƙona wayar mai kawo gyara ko ya ɓata shaddar mutane, da wanda zai kai shi asibiti in ya ji ciwo a bakin aiki. A kuma faɗi tun yanzu abin da za a kawo ranar yaye, don kada ranar ta zo a karanto maka jerin kaya kamar na lefe.

Abu ɗaya da kusan ba wanda ke rubutawa, ni kuwa shi na fi ba muhimmanci: a jera abin da za a koya, wata bayan wata. Ga mai koyon ɗinki, a ce wata uku na farko taka keke da miƙe layi da aikin maɓalli, daga nan awo, daga nan yanka. Yanka shi ne sana'ar, kuma shi aka fi ɓoyewa. Telan da aka yaye bai iya yanka ba zai ƙare rayuwarsa yana yi wa wani aiki.

Watannin koyo

Ranar farko a saya wa ɗan koyo kayan aikinsa na hannu, ko da uku ne. A namu aikin testa, filaya, sukundireba da tef na awo sun isa farawa, mitar gwajin wuta ta biyo baya. Wanda ke da nasa yakan kula da su, kuma yakan sami abin taɓawa a gida. A haɗa masa da littafi da biro. Kowace yamma ya rubuta abin da aka kawo, me ya lalace, yaya aka gano, me aka canza, nawa aka karɓa. Littafin nan bayan shekara biyu ya fi kowace takardar shaida amfani a wurinsa. In babba ne da bai yi karatu ba, ya haɗa da ajin yaƙi da jahilci. A Kano hukumar ilimin manya tana nan tun 1980, zamanin Abubakar Rimi, sauran jihohi ma suna da irinta. Awo da lissafi da karanta abin da aka rubuta a jikin na'ura ba su da makawa yanzu.

Kayan kariya kuma ba ƙawa ba ne. Duk wanda ya taɓa kallon hasken walda da ido tsirara ya san daren da ake kwana kamar an zuba yashi a ido. Gilashin walda na gaske, safar hannu, takalmi mai rufi, da abin rufe hanci ga mai fenti da kafinta. Mai aikin wuta ya koyi abu ɗaya kafin komai: kashe, gwada da testa, sannan taɓa, ko da maigida ne ya ce ya riga ya kashe.

Kai kuma da ka kai shi, kada ka ɓace. Duk wata uku ka leƙa, ka gaisa da maigidan, ka riƙe masa ɗan abin alheri, sannan a gida ka gwada yaron da aikin gaske. Mai koyon sola, alal misali, ka ce masa: ga ƙwan fitila 6 masu wat 10, fanka 2 masu wat 60, talabijin mai wat 80, ana so su yi awa 5, batir ɗaya mai bolt 12 da amfiya 200 zai isa? Wanda ya koya zai tara ya sami wat 260, ya ninka da 5 ya sami 1,300. Zai ce batirin a rubuce, in an ninka 12 da 200, yana ɗauke da 2,400, amma batir mai ruwa ba a son a sha fiye da rabinsa in ana so ya yi ƙarko, saura 1,200 ke nan, don haka ba zai isa ba. Wanda tsani kawai yake ɗauka zai ce maka, "Zai ja, in sha Allahu." In ka ji haka sau biyu a jere, koma ga takardar nan ku zauna da maigidan. In ba a gyara ba, canza wuri ba tare da tashin hankali ba.

Cibiyoyin gwamnati

Suna nan, kuma suna da amfani in an san iyakarsu. Hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, NDE, an kafa ta tun 1986 zamanin Babangida, tana da ofis a kowace jiha, kuma tana da tsarin da take raba matasa ga masu sana'a su koya. Asusun horar da ma'aikata, ITF, wanda aka kafa a 1971 da hedikwata a Jos, shi ma yana gudanar da horo na 'yan watanni. Jihohi suna da nasu, kamar cibiyar koyon sana'o'i mai sunan Aliko Dangote da ke kan titin Zariya a Kano, da ƙauyen koyon sana'a na matasa a Katsina, ga kuma kwalejojin fasaha. Zuwa da kai ya fi aike: je ofishin da ƙafarka ka tambayi lokacin ɗiba, ka tanadi lambar NIN da asusun banki mai sunanka da hotuna. Duk wanda ya tare ka a WhatsApp ya ce ka turo kuɗi ya saka sunanka, ka riƙe kuɗinka.

Abin da cibiya ke bayarwa wanda shago ba ya bayarwa shi ne dalili: me ya sa waya siririya ke zafi, me ya sa ake sa fis. Abin da ba ta iya bayarwa shi ne yawan maimaici da mu'amala da masu kawo aiki. Wata uku yana buɗe wa mutum ido ne kawai. Wanda ya gama can ya nemi shago ya ƙara aƙalla shekara. Na kuma ga abin takaici da idona, ranar rabon kayan tallafi, 'yan kasuwa na tsaye a bakin ƙofa suna saye keken ɗinki da injin walda a rabin kuɗinsu, tun ba a cire leda ba. In niyyarka ke nan, ka bar wa wani gurbin.

Takardar shaida

Wanda ya kira ka gyara a gidansa ba ya tambayar takarda, amma kamfani, da aikin gwamnati, da kwangila, da aiki a ƙasar waje duk suna tambaya. Hanya mafi sauƙi ga wanda ya koya a shago ita ce gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wanda muke kira tiret tes. Hawa uku ne, ana farawa daga na 3, sai na 2, sai na 1 wanda shi ne babba. A ofishin ma'aikatar na jiharku ake tambaya, kuma ka tabbata an gwada ka da gaske, domin takardar da aka sayo a bayan fage ranar da aka miƙa maka kayan aiki za ta tona maka asiri. Wanda ke son ci gaba da karatu har kwalejin kimiyya da fasaha ya nemi jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci ta ƙasa. Sannan hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, da ke Kaduna tana da tsarin NSQ, inda ake auna abin da hannunka ya iya, mataki-mataki, har da wanda ya daɗe yana sana'a bai taɓa shiga aji ba. Wannan ya dace da manyan da suka shekara goma sha a bakin aiki ba su da ko ƙyallen takarda.

Yaye da abin da ke bayansa

A yi yaye a gaban mutane, ko da lemo da cincin ne, maigida ya sa albarka ya ba da takarda mai sa hannunsa. Albarkar nan tana da amfani na zahiri, domin aikin da ya yi masa ƙanƙanta kai zai riƙa turo wa. Saboda haka kada ka buɗe shago a jikin nasa, kada kuma ka bi bayan masu kawo masa aiki.

Kada ka yi gaggawar kama shago. Haya tana cin jari tun kafin mutum na farko ya shigo. In sana'ar ta jaka ce, kamar wuta da famfo da tayil, fara daga gida da lambar waya. In ta zama ce, zauna wurin maigida ko wani kana aikin lada wata shida zuwa shekara, ka shiga adashi, duk kwasa ka sayi babban kayan aiki ɗaya. Rajistar suna a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, da asusun banki na sana'a su zo lokacin da ka fara neman aikin makarantu da ofisoshi.

Wurin kuɗi kuwa, raba kuɗin kaya da ladan aiki a rubuce, ka kawo rasit. Kafin alƙalamin da aka ba ka na sayen kaya ne, ba na cefane ba. Ranar da ka taɓa shi ka shiga ramin da sai da kuɗin wani za ka cike, shi ma da na wani. Kada ka karɓi aikin da ya fi ƙarfinka don kunyar cewa ban iya ba, kira wanda ya iya ku raba. Tela kuma ya ƙirga ɗinkin da zai iya gamawa kafin Sallah, in ya cika ya rufe karɓa, ko da kuwa surukarsa ce ta aiko.

Duk aikin da ka gama ka ɗauki hotonsa da izinin mai shi, ka rubuta sunansa da ranar a littafinka. Ni nakan buɗe nawa sau biyu a shekara. In hunturu ya shigo ƙura ta lulluɓe farantai, sai in bi gidajen da na yi wa aiki ɗaya bayan ɗaya, in goge, in duba ruwan batir, in ɗaure abin da ya saki, ba na karɓar komai sai kuɗin mota in an ba ni. Haka kuma bayan ruwan farko da iskarsa. Da wuya in fito daga layi maƙwabci bai tsayar da ni ya ce in shigo in duba masa nasa ba.